ScummVM

ScummVM manhaja ce ta kyauta da ke ba mutum damar buga tsofaffin wasannin kasada masu zane a kan kwamfutoci da wayoyin zamani, matuƙar yana da fayilolin wasan na asali. An fara rubuta ta a shekarar 2001 domin wasannin kamfanin LucasArts na Amurka, irin su The Secret of Monkey Island da Day of the Tentacle, amma a yau tana buɗe ɗaruruwan wasanni na kamfanoni daban-daban. Da harshen C++ aka rubuta ta, ana rarraba ta a ƙarƙashin lasisin GPL, kuma 'yan sa-kai daga ƙasashe da yawa ne ke kula da ita.

Ana yawan sanya ta cikin jerin manhajojin kwaikwayo, wato waɗanda ke sa sabuwar kwamfuta ta yi aiki tamkar tsohuwa. Amma ScummVM ba ta kwaikwayon tsohuwar na'ura. Abin da take yi shi ne maye gurbin injin wasan, wato ɓangaren da ke karanta bayanai yana nuna su a allo, da wani sabo da aka rubuta domin na'urorin yau. Zanen, sautin, labarin da maganganun duk na asali ne, mai karanta su ne kawai ya canza. A nan ta sha bamban da DOSBox, kuma daga nan ne ƙarfinta da iyakarta suka samo asali.

Irin wasannin da aka yi ta dominsu

Wasan kasada mai zane wasa ne da ya dogara da labari da warware matsaloli, ba da saurin yatsa ba. Ɗan wasa yana sarrafa wani jarumi a cikin wurare da aka zana, yana magana da mutane, yana tsintar kayayyaki, yana haɗa wannan da wancan har hanya ta buɗe. Kamfanin Sierra On-Line ya yi suna a wannan fanni da King's Quest na 1984, inda ɗan wasa ke rubuta umarninsa da Turanci a allon madannai. Lucasfilm Games, wanda daga baya ya koma LucasArts, ya zo da wata hanya a 1987 a wasan Maniac Mansion: an jera kalmomin aiki a ƙasan allo, ɗan wasa ya zaɓi ɗaya, sannan ya nuna abin da yake so a yi wa aikin. Ba sai ya yi ta laluben kalmar da wasan zai gane ba.

The Secret of Monkey Island, wanda ya fito a 1990, shi ne misalin da aka fi kawowa. Ron Gilbert ne ya tsara shi tare da Tim Schafer da Dave Grossman. Labarin wani saurayi ne mai suna Guybrush Threepwood da ya sauka a tsibirin Mêlée da burin zama ɗan fashin teku. Aka ba shi gwaji uku: ƙwarewa a takobi, sata, da neman dukiyar da aka binne. Kafin ya gama, fatalwar ɗan fashi LeChuck ya sace gwamnar tsibirin, Elaine Marley. Faɗan takobi a wasan ba na ƙarfi ba ne, na baƙar magana ne: wanda ya iya mayar da martanin da ya dace shi ke yin nasara. Wasan ya kuma kauce wa al'adar wasannin Sierra ta kashe jarumi a kan kowane ƙaramin kuskure. Da ƙyar ake iya halaka Guybrush, sai dai idan an bar shi a ƙarƙashin ruwa fiye da minti 10.

Dalilin da tsofaffin wasanni ba sa tashi a sabbin kwamfutoci

Yawancin waɗannan wasanni an rubuta su ne domin MS-DOS, Amiga, Atari ST ko tsohuwar Macintosh. Manhajar DOS tana magana da na'ura kai tsaye. Tana rubuta hoto a wani sanannen adireshi na katin VGA, tana aika sauti zuwa katin AdLib ko Sound Blaster ta ƙofofin da ta sani, tana kuma tsammanin samun wuri a cikin kilobait 640 na farko na ma'adanar kwamfuta. Babbar manhajar zamani, ko Windows ce ko macOS ko Linux, ba ta barin wata manhaja ta taɓa na'ura haka kawai, kuma waɗancan katunan ma babu su a kwamfutar yau.

Na ɗan lokaci Windows ta riƙe wani sashe mai suna NTVDM da ke tafiyar da manhajojin DOS, amma yana cikin sigogi masu bit 32 ne kaɗai. Sigogi masu bit 64 ba su da shi, ita kuwa Windows 11 ba ta da siga mai bit 32 ko kaɗan. A ɓangaren Apple abin ya fi tsanani, domin kamfanin ya sauya irin furosesar da yake amfani da ita har sau uku: zuwa PowerPC a 1994, zuwa Intel a 2006, sannan zuwa tasa ta kansa a 2020. Kowane sauyi ya bar tarin manhajoji a baya.

Akwai kuma matsalar sauri. Wasu masu rubuta wasanni sun auna lokaci da gudun furosesa maimakon agogo. A kwamfutar da ta ninka ta zamaninsu sauri sau ɗaruruwa, abin da ya kamata ya ɗauki daƙiƙu sai ya wuce kamar ƙiftawar ido, ko wasan ya tsaya cak. Quest for Glory IV na Sierra ya shahara da irin wannan tsayawa. A ƙarshe akwai faifan kansa. Faifan flopi mai ɗaukar megabait 1.44 yana lalacewa da tsufa, kamfanin Sony ya daina ƙera shi a 2011, kuma kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba su da wurin saka flopi, da yawansu ma ba su da na CD.

Injin SCUMM

Abin da ya sa ScummVM ta yiwu shawara ce da aka yanke tun 1987, ba tare da tunanin adana tarihi ba. Lokacin da Ron Gilbert ke aikin Maniac Mansion domin kwamfutar Commodore 64, ya ga cewa rubuta kowane motsi na wasan da harshen na'ura zai ci lokaci mai yawa. Sai ya ƙirƙiri wani ƙaramin harshe da masu tsara wasa za su rubuta umarni da shi cikin sauƙi, kamar a ce wa jarumi ya taka zuwa ƙofa, ya faɗi magana, ya jira. Aka sa masa suna Script Creation Utility for Maniac Mansion, a taƙaice SCUMM. Aric Wilmunder na cikin waɗanda suka ci gaba da bunƙasa shi shekara da shekaru.

Da wannan tsari wasan ya rabu gida biyu. Gida na farko shi ne fayilolin bayanai, masu ɗauke da ɗakuna, kayayyaki, tufafin jarumai, sautuka da rubutattun umarni. Gida na biyu shi ne ƙaramar manhajar da ke karanta waɗannan umarni tana aiwatar da su. Idan kamfanin na son kai wasa daga DOS zuwa Amiga, babban aikin shi ne sake rubuta mai karantawar, ba wasan gaba ɗaya ba. Kamar littafi ne da mai karanta shi a bainar jama'a: idan mai karatun ya tsufa, ana iya samun wani ya ɗauki littafin, muddin ya san harshen. ScummVM sabon mai karatu ne. Haruffan VM a ƙarshen sunanta na nufin na'urar da babu ita a zahiri, sai a cikin manhaja.

LucasArts ya yi amfani da SCUMM na tsawon shekara 10, yana gyara shi daga wasa zuwa wasa: Zak McKracken and the Alien Mindbenders a 1988, Indiana Jones and the Last Crusade a 1989, Loom a 1990, Monkey Island 2: LeChuck's Revenge a 1991, Indiana Jones and the Fate of Atlantis a 1992, Day of the Tentacle da Sam & Max Hit the Road a 1993, Full Throttle da The Dig a 1995, sai The Curse of Monkey Island a 1997. Bayan Gilbert ya bar kamfanin ya kafa Humongous Entertainment tare da Shelley Day a 1992, sun ci gaba da amfani da injin a wasannin yara irin su Putt-Putt, Freddi Fish da Pajama Sam.

Tarihi

Ludvig Strigeus, ɗalibin kimiyyar kwamfuta ɗan ƙasar Suwidin, shi ya fara aikin a watan Satumba na 2001. Burinsa na farko shi ne ya buga Monkey Island 2 a kwamfutarsa mai Linux. A daidai lokacin Vincent Hamm shi ma yana nazarin yadda SCUMM ke aiki, sai suka haɗa ƙarfi, Hamm ya mai da hankali kan Indiana Jones and the Fate of Atlantis. Siga ta farko ta fito a watan Oktoba na shekarar. Babu ɗayansu da ke da asalin rubutun injin. Sun gano yadda yake ne ta hanyar warware manhajar da ke kan faifai, umarni bayan umarni, suna lura da abin da kowanne ke yi. Strigeus bai daɗe a aikin ba. Daga baya ya rubuta µTorrent da OpenTTD, ya kuma yi aiki a Spotify. James Brown ya jagoranci aikin na wani lokaci, daga bisani Eugene Sandulenko ya zama jagora.

LucasArts bai yi maraba da aikin da farko ba. Lauyoyinsa sun aika takardar neman a dakata, bisa zargin an yi amfani da rubutun kamfanin. An ɗauki shekaru ana tattaunawa kafin maganar ta kwanta, aikin kuma bai tsaya ba.

Wasu kamfanonin sun bi wata hanya. Simon the Sorcerer na kamfanin Adventure Soft ya zama wasa na farko da ba na SCUMM ba da manhajar ta buɗe. Revolution Software na Ingila ya miƙa wa 'yan aikin asalin rubutun Beneath a Steel Sky na 1994, sannan a 2003 ya saki wasan kyauta, haka ma Lure of the Temptress. Masu Flight of the Amazon Queen, 'yan Ostareliya, sun yi haka a 2004. Daga nan ScummVM ta tashi daga inji guda ta koma rumfar da injuna da yawa ke fakewa a ƙarƙashinta, duk suna amfani da hanya ɗaya ta nuna hoto, fitar da sauti da adana wasa.

Wasu ayyukan sa-kai da suka fara da kansu sun shigo ciki. Sarien ya kawo injin AGI na tsofaffin wasannin Sierra. FreeSCI ya haɗe da ita a 2009, kuma siga ta 1.2.0 ta 2010 ta fara buɗe wasannin injin SCI. Siga ta 1.0.0 ta fito ne a ƙarshen 2009, ta 2.0.0 kuma a watan Disamba na 2017, wadda ta ƙara wasannin Sierra na tsakiyar shekarun 1990 irin su Gabriel Knight da Phantasmagoria. A 2020 aka haɗe ta da 'yar'uwarta ResidualVM, wadda aka keɓe wa wasanni masu hoto mai zurfi uku. Saboda haka siga ta 2.5.0, da ta fito a Oktoban 2021 lokacin cikar aikin shekara 20, ta zo da Grim Fandango da The Longest Journey. Tun 2007 aikin ke karɓar ɗalibai ta shirin Google Summer of Code, kuma injuna da dama ta wannan hanya suka shigo.

Bambancinta da DOSBox

DOSBox, wadda ta fara fitowa a 2002, ita ce manhajar kwaikwayo ta haƙiƙa. Tana gina tsohuwar kwamfuta sukutum a cikin sabuwa: furosesa irin ta Intel, katin hoto, katin sauti, da wani DOS nata. Manhajar wasan ta asali ce ke gudana a ciki, ba ta san shekaru sun shuɗe ba. Amfanin haka a fili yake. Kusan duk wasan DOS zai tashi, ko da babu wanda ya taɓa nazarinsa, kuma zai yi daidai abin da yake yi a da, har da kurakuransa. Sai dai mai amfani na buƙatar sanin ɗan abin da mutanen wancan zamani suka sani: ya haɗa folda a matsayin faifai da umarnin mount, ya shiga cikinta, ya rubuta sunan fayil, ya zaɓi katin sauti a shirin saitin wasan, ya kuma daidaita saurin furosesa idan wasan na gudu ko yana jan ƙafa.

ScummVM ta ɗauke wa mutum duk wannan, amma ba ta buɗe wasan da ba a rubuta masa inji ba. Kowane inji aikin watanni ne ko shekaru. Idan an gama shi kuwa, ribar tana da yawa. Ba ta buƙatar na'ura mai ƙarfi, tunda ba ta ɗaukar nauyin kwaikwayon furosesa. Tana buɗe sigar DOS, ta Amiga, ta Macintosh da ta FM Towns ta Japan na wasa ɗaya a wuri guda. Tana iya gyara kurakuran da ke cikin umarnin wasan a lokacin da take karanta su, ciki har da waɗanda saurin kwamfuta ke jawowa a wasannin Sierra. Tana kuma ƙara abubuwan da ba a san su ba a da, kamar adana wasa da kanta duk bayan minti biyar da sarrafa shi da taɓa allo.

Masu son asali tsantsa suna da hujja idan suka ce sake rubuta inji fassara ce, kuma fassara ba ta rasa ɗan bambanci, ko a saurin tafiyar jarumi ko a yadda wani sauti ke fita. Wannan damuwa ce ta sa Aaron Giles, tsohon ma'aikacin LucasArts, ya fitar da DREAMM a 2022, wadda ke tafiyar da manhajojin kamfanin na asali ta hanyar kwaikwayo. Ga mai binciken tarihin manhaja wannan hanya ta fi dacewa. Ga wanda ke son ya buga wasan kawai, musamman a waya, ScummVM ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Yadda ake kunna wasa

Ana sauke manhajar daga shafin aikin, ko daga Google Play ga masu Android, ko daga rumbun manhajoji na Linux. Ba ta zuwa da wasa ko ɗaya a cikinta. Mataki na gaba shi ne kwafe fayilolin bayanai daga faifan asali zuwa folda guda a kwamfuta. Ba a buƙatar girka wasan, ba a kuma buƙatar fayil ɗinsa mai ƙarewa da EXE a yawancin wasannin SCUMM, tunda shi ne aka maye gurbinsa.

Fayilolin da ake buƙata sun danganta da wasa da kuma siga. Monkey Island 2 na DOS yana cikin fayiloli biyu, MONKEY2.000 da MONKEY2.001. Na farko ƙarami ne, jadawali ne na inda kowane abu yake, na biyu kuma shi ke ɗauke da kayan. Day of the Tentacle na CD yana da TENTACLE.000 da TENTACLE.001, sai MONSTER.SOU mai ɗauke da muryoyi. Sigar flopi ta The Secret of Monkey Island tana da fayiloli masu ƙarewa da LFL da LEC da suka warwatsu a faifai da yawa, dole a tattara su wuri ɗaya.

Idan an buɗe ScummVM aka danna maɓallin ƙara wasa, aka nuna mata foldar, sai ta lissafa wata lambar shaida daga farkon fayilolin ta hanyar MD5, ta kwatanta da jadawalin da ke cikinta. Da haka take gane wasan, harshensa da na'urar da aka yi shi dominta. Idan ta ce ba ta san sigar ba, sau da yawa fayil ne ya lalace wurin kwafewa, ko kuma siga ce da ba a taɓa kai rahotonta ba.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne sigar CD ta Monkey Island ta 1992. Kiɗanta ba ya cikin fayilolin bayanai, yana kan faifan ne a matsayin waƙoƙin CD na yau da kullum. Wanda ya kwafe fayiloli kaɗai zai sami wasa marar kiɗa. Sai an ciro waƙoƙin an mai da su MP3, Ogg Vorbis ko FLAC, an sa musu suna track1, track2 har zuwa ƙarshe, an ajiye su a folda ɗaya da wasan. Haka abin yake a sigar CD ta Loom, inda har muryoyin suna cikin waƙar faifan.

A cikin wasa, Ctrl da F5 na buɗe babban menu na adanawa da fita, Alt da Enter na cika allo. A wasannin SCUMM, Esc na tsallake fage, aya na tsallake jimlar magana, sandar tazara kuma na dakatar da wasan.

Hoto

Yawancin wasannin DOS na wannan zamani an zana su ne a kan ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye, jimilla ɗigo 64,000. Allon yau mai 1920 da 1080 ya ninka wannan fiye da sau 30, don haka dole a faɗaɗa hoton. Sigar farko ta Monkey Island launuka 16 gare ta na katin EGA, ta VGA mai launuka 256 ta biyo baya.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Tsofaffin allunan kwamfuta masu ƙeya suna da fasalin 4:3, amma 320 da 200 ba 4:3 ba ne. Ma'ana ɗigon wancan allo ba murabba'i ba ne, ya ɗan fi tsawo a tsaye, kuma masu zane sun yi aikinsu da sanin haka. Idan aka nuna hoton a allon zamani ba gyara, mutane za su fito gajeru masu faɗi, wata kuma ya zama kamar ƙwai. Zaɓin gyaran fasali a ScummVM yana miƙa layuka 200 su cika gurbin 240. Wanda ke da allo mai tsayin ɗigo 1200 zai iya samun cikakken daidaito, domin ninka faɗi sau 5 da tsayi sau 6 na ba da 1600 da 1200 cif.

Manhajar na da matatun hoto irin su HQ2x da AdvMAME2x masu goge kaifin ɗigo. Suna yi wa zane mai layi irin na Day of the Tentacle kyau, amma suna ɓata zanen EGA, inda masu zane suka jera ɗigo masu launi biyu a cakuɗe domin ido ya ga launi na uku. Matatar na ɗaukar wannan dabara a matsayin datti ta dame ta. Sababbin sigogi suna iya kwaikwayon hasken tsohon allo, wanda ya fi kusa da abin da masu zanen suka gani.

Sauti

Wasannin flopi ba su ɗauke da kiɗan da aka naɗa. Suna ɗauke ne da umarnin kiɗa, katin sauti ne ke kaɗawa, shi ya sa waƙa ɗaya ke fita daban a kwamfutoci biyu. Mafi yawan mutane sun ji ta ne ta katin AdLib ko Sound Blaster, masu amfani da guntun Yamaha YM3812. Masu hali sun sayi Roland MT-32 na 1987, akwatin kiɗa mai tsada wanda mawaƙan wasanni da yawa suka yi aiki da shi.

A nan kam ScummVM kwaikwayo take yi na gaske. Tana kwaikwayon guntun Yamaha, ƙaramar lasifikar cikin kwamfuta, da MT-32 ta hanyar aikin Munt. Na ƙarshen yana buƙatar fayilolin ROM na na'urar, waɗanda ba sa zuwa da manhajar saboda mallakar Roland ne. Sai mutum ya samo su daga tasa na'urar.

Aiki mafi wuya shi ne iMUSE, tsarin da Michael Land da Peter McConnell suka ƙirƙira, wanda ya fara fitowa a Monkey Island 2. Yana sa kiɗa ya bi abin da ɗan wasa ke yi. A garin Woodtick, idan Guybrush ya shiga wani gida, kiɗan garin ba ya yankewa, sai ya jira gaɓar da ta dace ya rikiɗe zuwa salon wannan gida, idan ya fita ya dawo. Kuskure kaɗan a lokacin sauyin kunne zai kama shi, don haka an daɗe ana gyaran wannan sashe.

Haƙƙin mallaka

Kasancewar ScummVM kyauta bai mai da wasannin kyauta ba. Wasannin LucasArts mallakar Disney ne tun da ya sayi Lucasfilm a 2012. Kalmar da ake yayatawa a intanet ta cewa wasa ya zama yasasshe ba ta da matsayi a doka, kuma 'yan aikin ba sa taimaka wa wanda ya sauke wasa ta haramtacciyar hanya. Halastattun hanyoyi su ne faifan asali, shagunan intanet irin su GOG.com da Steam, ko wasannin da masu su suka saki kyauta, waɗanda ake samu a shafin aikin. Shagon GOG.com, da aka buɗe a 2008, yana sayar da tsofaffin wasanni da yawa a naɗe cikin ScummVM ko DOSBox, ta yadda mai saye ba zai ma lura ba.

Wasannin flopi sun zo da dabarun hana kwafi. Monkey Island na farko ya zo da faifan kwali mai juyawa, wasan ya nuna fuskar ɗan fashi, ɗan wasa ya juya kwalin ya karanto shekarar da ake nema. ScummVM na tsallake irin wannan tambaya a wasannin da kamfanin da kansa ya taɓa sayar da su ba tare da ita ba.

Lasisin manhajar ma an taɓa karya shi. A ƙarshen 2008 'yan aikin suka gano cewa wasanni uku na Humongous da aka fitar a na'urar Wii, wato Freddi Fish, Pajama Sam da Spy Fox, suna amfani da ScummVM ba tare da bin sharuɗɗan GPL ba. Kamfanin Mistic Software ne ya yi aikin mayar da su Wii. Gyaran ya gagara, domin ƙa'idojin Nintendo ba su yarda a buɗe rubutun manhajar da aka gina da kayan aikinsa ba, GPL kuwa ta wajabta hakan. An sasanta a 2009, da sharaɗin daina sayar da wasannin bayan wani wa'adi da ba da gudummawa ga Free Software Foundation.

Girman abin da ake ƙoƙarin ceto ya fito a wani bincike da Video Game History Foundation ta wallafa a 2023, wanda ya nuna kusan kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin binciken. Monkey Island na cikin masu sa'a: an sake fitar da na farko da sabon zane a 2009, na biyu a 2010, Gilbert kuma ya dawo da Return to Monkey Island a 2022. Yawancin wasannin da ke jerin ScummVM ba su sami wannan gata ba, kamfanoninsu sun rushe ko an saye su, kuma babu mai shirin sake buga su.

Na'urorin da take aiki a kansu

Ban da Windows, macOS da Linux, an kai ScummVM zuwa Android, iOS, Raspberry Pi, Haiku da AmigaOS, da na'urorin wasa irin su Dreamcast, PlayStation Portable, PlayStation Vita, Nintendo DS, Wii da Switch. A kan yawancin na'urorin wasan sai an buɗe su ta hanyar da masu ƙera su ba su amince da ita ba. Wasannin flopi ba su wuce 'yan megabait ba kuma ba sa buƙatar intanet bayan an kwafe su, don haka ƙaramar wayar Android ma na ɗaukar su. Matsalar waya ita ce yatsa ya fi kibiyar linzami kauri, ƙananan abubuwan da aka ɓoye a cikin zane suna wuyar taɓawa. Saboda haka manhajar na da yanayin da allo ke aiki kamar faifan taɓawa na kwamfutar tafi-da-gidanka, inda yatsa ke tura kibiya maimakon ya danna wurin kai tsaye. Wasannin Sierra na farko, masu buƙatar a rubuta umarni, sun fi daɗin bugawa da allon madannai na gaske.